SHIRIN JARRABAWAR SHIGA MAKARANTAR HAFSOSHIN SOJA: JAWABI GA IYAYE DA 'YAN MAKARANTA

 

Abin da aka umurce ni in yi magana a kansa shi ne yadda yaro zai shirya wa jarrabawar shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda a ke kira NDA. Ni ba soja ba ne. Malamin makaranta ne, na yi shekaru masu yawa ina koyar da Lissafi a sakandare, kuma babu shekarar da ta wuce ba tare da wasu yara sun zo mini da takardu suna neman in taimake su ba. Abin da na gani a wajensu kusan kullum iri ɗaya ne. Yaro ba ya fara shiri sai ranar da ya ji sanarwa cewa an buɗe neman shiga. Daga wannan rana zuwa ranar jarrabawa 'yan watanni ne kawai, alhali kuwa abubuwan da za a auna a wurinsa, watau ilminsa da lafiyarsa da takardunsa da halinsa, babu ko ɗaya da ke gyaruwa cikin 'yan watanni. Yaron da zai shiga makarantar nan yana ɗan shekara 18, to, tun yana ɗan shekara 15, sa'ad da ya shiga ajin farko na babbar sakandare, ya riga ya fara cin jarrabawar ko faɗuwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kurtu daban, hafsa daban

Da farko sai mu raba abu biyu da mutane da yawa su ke haɗawa. Akwai shiga soja a matsayin kurtu, inda a ke kai yaro Daffo ta Zariya a horar da shi 'yan watanni, ya fito farabiti, ya riƙa hawa a hankali zuwa kofur da saje da samanja. Wannan hanya ce mai daraja, kuma da ita aka gina rundunar ƙasar nan. Akwai kuma shiga a matsayin ɗalibin hafsa, wanda zai yi shekara biyar, huɗu yana karatun digiri tare da horon soja, ɗaya kuwa ta horon soja tsantsa, sa'an nan a ɗaura masa anini ya fito ƙaramin laftana, ko makamancin wannan muƙami in a sojan ruwa ko na sama ya ke. Daga ranar da ya fito za a ba shi mutane wajen talatin ya shugabanta, wasunsu sa'o'in ubansa ne, rayukansu kuwa suna rataye da shawarar da zai yanke. Dalilin tsanantawa wajen zaɓe ke nan. Duk wanda ya ga kamar an cika wahalar da yara, ya tuna cewa wata rana ɗansa ko ƙanensa na iya zama ɗaya daga cikin mutum talatin ɗin nan.

Tarihin al'amarin yana da abin lura a gare mu masu jin Hausa. A shekarar 1863 ne wani Baturen sojan ruwa mai suna Glover ya tara 'yan dakaru a Ikko, aka riƙa kiransu Hausawan Glover, kuma daga nan ne a ke lissafa asalin Rundunar Sojan Ƙasa ta Nijeriya. Shekaru da yawa bayan haka Hausa ce harshen bariki, da ita Bature ke magana da sojansa, ko da sojan nan daga wace ƙabila ya fito. Kakanninmu sun cika sahu, sun je Habasha, sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, amma hafsoshinsu Turawa ne. Da aka fara ba 'yan ƙasa anini, sai ga shi ba a tambayar wanda ya fi jarunta, takardar makaranta a ke tambaya. Zakariya Maimalari, wanda ya fito daga makarantar Sandhurst ta Ingila a 1953, ta ƙofar kwalejin Zariya ya bi, haka ma Yakubu Gowon da ya sami anininsa a 1955. A lokacin sai an kai yaro Teshi a ƙasar Gana, daga can a wuce da shi Ingila.

Bayan samun mulkin kai gwamnati ta ga ba zai yiwu ƙasa mai 'yanci ta dogara ga wata ƙasa wajen horar da hafsoshinta ba. A 1964 aka buɗe makarantar Kaduna, aka ɗauko hafsoshi daga Indiya su taimaka wajen kafa ta, shugabanta na farko kuwa Birgediya Varma ne, mutumin Indiya. A 1985 ta fara karatun digiri kamar sauran jami'o'i, a 2011 kuma ta fara ɗaukar mata a babban kwas ɗinta. Tsohon mazauninta yana cikin garin Kaduna, an sa masa sunan Alhaji Muhammadu Ribadu, Ministan Tsaro na Jamhuriya ta Farko, sabon mazaunin kuwa yana Afaka.

Ribadu ɗin nan ne a 1961 ya kawo tsarin raba guraben hafsoshi tsakanin jihohin wancan zamani, rabi ga Arewa, kwata ga Gabas, kwata ga Yamma. Yau jihohi 36 ne da Abuja, kuma Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 217, ya ce lalle hafsoshi da sauran sojoji su fito daga ko'ina cikin ƙasa. Saboda haka kowace jiha tana da rabonta, kuma jiha-jiha a ke buga sunayen waɗanda suka yi nasara. Ma'anar wannan ita ce yaron Jigawa ko Nasarawa ko Kuros Riba yana takara ne musamman da 'yan jiharsa. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Rabon jiha ba ya ɗaga yaron da ya kasa kai ga mafi ƙarancin makin da aka yanke, ba ya kuma sa likita ya kau da kai. Masu nema dubbai ne a kowace shekara, guraben kuwa 'yan ɗaruruwa.

Takardu

Zan daɗe a kan wannan, domin a nan ne na fi ganin yara masu ƙoƙari suna faɗuwa tun ba a buɗe takardar tambaya ba, laifin kuwa sau da yawa na iyaye ne.

Hanyar shiga tana da matakai. Yaro zai rubuta jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, ya zaɓi makarantar hafsoshi a matsayin zaɓinsa na farko, ya kuma cika fom na makarantar kanta ta intanet. In ya kai makin da aka yanke a wannan shekara, sai a kira shi jarrabawar tacewa ta makarantar. In ya haye wannan, sai a kira shi Kaduna gaban Hukumar Zaɓe ta Rundunonin Soja, inda za a duba takardunsa da jikinsa, a kuma yi magana da shi baki da baki. A kowane mataki a kan dubi suna da ranar haihuwa. In takardar firamare ta ce Muhammadu Sani Garba, ta sakandare ta ce Sani Mohammed, lambar shaidar ɗan ƙasa kuma ta ce Garba Sani, to, mutum uku ke nan a idon mai dubawa, ko da kowa a unguwa ya san yaro ɗaya ne. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma abin da ke cikin wannan lamba shi zai bi yaro har ƙarshe. Gyaran suna ko shekaru yana cin lokaci ƙwarai. Uban da ya zauna yau ya baje takardun ɗansa a tabarma, ya gwada su da juna harafi-harafi, ya yi wa ɗan nan aikin da ya fi sayen littafi goma.

Sai maganar shekaru. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce daga shekara 17 zuwa 21, sanarwar kowace shekara kuwa ita ke yanke magana, har da ranar da a ke lissafawa daga gare ta. Ga inda a ke shiga uku. Yaro ya gama sakandare a makare, ya zauna gida shekara biyu, sai wani mai ba da shawara ya ce a je kotu a yi rantsuwa a rage masa shekara uku. Na san wani yaro, ɗalibina ne, ban taɓa koyar da wanda ya fi shi kaifin Lissafi ba. An yi masa irin wannan rantsuwa, aka manta cewa takardar gama firamarensa tana nan da shekararta. Mai duba takardu ya lissafa, ya ga in an bi sabuwar ranar haihuwa to yaron nan ya shiga aji ɗaya tun bai kai shekara uku ba. A nan tafiyarsa ta tsaya, ya komo gida da akwatinsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da ainihin shekarunsa ma yana da sauran dama ɗaya a wannan shekara, kawunsa ne ya ga kamar gara a ƙara masa rata. Wanda kuwa ya tsallake da takardar ƙarya bai tsira ba, domin ko yana aji uku aka gane, korarsa za a yi.

A na kuma neman kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko NECO ko makamanciyarsu, lalle da Turanci da Lissafi a ciki, sauran ukun kuwa su dace da fannin da yaro ke son karantawa. Mai son aikin injiniya sai da Fizis da Kemistiri. Mai son Tarihi ko Kimiyyar Siyasa ko Tattalin Arziki ko harsuna yana da nasa darussan. Wannan zaɓe a ajin farko na babbar sakandare a ke yinsa, shi ya sa na ce muku a can a ke fara cin jarrabawar. Akwai takardar shaidar ƙaramar hukuma, da takardar yardar uba ko mai riƙo. Ɗalibin hafsa kuma ba ya da aure sa'ad da zai shiga, ba ya kuwa yi har sai ya fita. Iyayen da ke da niyyar yi wa yaro aure da ya gama sakandare sai su zaɓi ɗaya cikin biyun.

Turanci da Lissafi

Jarrabawar tacewa ta kan tsaya ne a kan Turanci da Lissafi da sanin halin da ƙasa da duniya ke ciki, tare da abin da ya shafi fannin da yaro ya zaɓa in sanarwa ta nuna haka. Tambayoyin ba su wuce abin da a ke koyarwa a sakandare ba. Abin da ke kayar da yara shi ne lokaci. A ce an ba ka tambaya 100 cikin minti 60, kowace tambaya tana da daƙiƙa 36 ke nan. Yaron da sai ya karanta jimlar Turanci sau uku, ya juya ta zuwa Hausa a zuciyarsa, sa'an nan ya fara tunanin amsa, zai ji an ce lokaci ya yi yana kan tambaya ta arba'in. Ya san amsar sauran sittin ɗin, amma ba za a ba shi maki a kan abin da ya sani bai rubuta ba.

Maganin wannan karatu ne kullum, ba na dare ɗaya ba. Yaro ya riƙa karanta shafi biyu ko uku na jarida ko littafin labari na Turanci kowace rana, da ƙarfi, ya rubuta kalmomin da suka shige masa duhu, ya duba ƙamus, sa'an nan ya rufe littafin ya faɗi abin da ya karanta da nasa kalmomin. Ya saurari labaru a rediyo da Hausa, ya sāke sauraron su da Turanci, tun da ya riga ya san abin da a ke magana a kai. Na san yaranmu suna jin kunyar yin Turanci a gaban 'yan'uwansu don kada a ce suna iyayi, ko a yi musu dariya in sun yi kure. Gara a yi maka dariya a zauren gidanku da ka yi tsuru-tsuru a gaban kanar-kanar. Ba kuwa cewa na ke a raina Hausa ba. Hafsan da ke jin Hausa da Turanci, in ya ƙara da Yarabanci ko Ibo ko Faransanci ko Larabci, ya fi amfani ga ƙasa. Sojojinmu suna aiki tare da na Cadi da Kamaru a yankin Tafkin Cadi, inda mai jin Faransanci ko Larabci ke da babbar rana.

Game da Lissafi, yara su kan tambaye ni me soja zai yi da shi, ba bindiga zai riƙe ba? Na kan ba su wannan misali. An umurce ka ka kai mutanenka wani gari mai nisan kilomita 300 cikin motoci 12, kowace mota tana shan lita ɗaya a kilomita huɗu. Lita nawa za ka nema? Mota ɗaya lita 75, motoci 12 lita 900, zuwa kaɗai ke nan ban da dawowa. Hafsan da ya yi kure a nan zai tsayar da mutane a tsakiyar daji da dare. Ko kuwa an miƙa maka taswira mai ma'aunin 1 bisa 50,000, inda santimita biyu ke nufin kilomita ɗaya a ƙasa. Ka auna ka ga santimita 18 tsakaninka da rafin da za ka tsallake, watau kilomita tara. In mutanenka na cin kilomita huɗu a awa da kaya a bayansu, ƙarfe nawa za ku tashi don ku isa kafin gari ya waye? Babu wani abu a nan da ya wuce sau da rabawa da kaso, amma sai wanda ya saba da su har suka zama masa jiki ne zai yi su da ka, a gajiye, wani na jiran amsa. Shawarata ita ce tambaya goma kowace rana, da agogo a gefe, ba tare da na'urar lissafi ba. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani in an yi su haka. Haddace amsoshinsu kuwa aikin banza ne, domin da an canja lamba ɗaya shi ke nan an ɓatar da mai hadda.

Wani abu da bai dami na dā ba amma ya dami na yanzu shi ne kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta a ke yinta. Yaron ƙauye da bai taɓa sa hannu a kanta ba sai ranar jarrabawa zai ɓata minti goma yana neman inda zai danna, gabansa na faɗuwa. Ba gwaninta a ke nema ba, sabo ne kawai. A kai shi wurin da a ke koyarwa ya zauna sau biyar ko shida kafin ranar.

Sanin ƙasa ba shi da littafi guda. Wanda ke son ya ɗauki makami domin Nijeriya ya kamata ya san an yi jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996, da ƙananan hukumomi 774. Ya san yaƙin basasa ya fara a Yuli 1967 ya ƙare a Janairu 1970, shi ya sa a ke tunawa da mazan jiya ran 15 ga Janairu. Ya san sojojinmu sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango tun 1960, da Labanan a 1978, da Laberiya a 1990, da Saliyo da Darfur bayan haka. Ya san sunan Ministan Tsaro da Hafsan Hafsoshi da shugabannin rundunoni uku na lokacin da zai zauna jarrabawa, domin waɗannan suna canjawa, littafin bara kuwa na iya yaudararsa. Ya san ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu da manyan biranensu, da gwamnan jiharsa da shekarar da aka kafa ta. Abin kunya ne yaro ya jero sunayen 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya, a tambaye shi inda Binuwai ta haɗu da Kwara ya yi shiru.

Jiki

Tsawon da aka saba nema ga namiji shi ne mita 1.68, watau ƙafa biyar da inci shida, na mace kuwa ya ɗan gaza haka. Wannan babu dabara a cikinsa, a auna yaro a gida tun da wuri. Likitocin soja za su duba ido da kunne da haƙori, da zuciya da huhu da jini da fitsari, su duba ƙafa ko akwai gwame ko shimfiɗaɗɗen tafi, su duba ko akwai ƙaba ko tsohuwar karaya da ba ta ɗoru daidai ba. Ina roƙon iyaye su kai yaro asibitin gwamnati shekara guda kafin ya nema, a yi masa awo sosai. Wasu abubuwan suna da magani in an gano su da wuri. Wasu kuwa ba su da shi, kamar rashin iya bambanta ja da kore, ko amosanin jini, kuma sanin haka tun yanzu zai sa yaro ya juya ga wani aikin bai ɓata shekara biyu da kuɗin mota ba. Ɓoye ciwo ga likita ganganci ne da rai. Horon makarantar nan yana da tsanani, mai ciwon zuciya ko na numfashi da ya ɓoye yana iya faɗuwa a filin gudu bai tashi ba.

Sai ƙwaya da wiwi da maganin tari da samari ke sha. Awon fitsari yana nuna su. Ba sai na tsawaita ba.

Gudu kuwa a fara shi a hankali, kilomita biyu da asuba, a riƙa ƙarawa har ya kai biyar ko shida ba tare da tsayawa ba, a haɗa da motsa hannu da ciki. Yaran da suka tashi da noma da kiwo da tafiyar ƙasa suna da rinjaye a nan a kan 'yan birni, sai dai su kan raina abin, su zo ba su taɓa gudu da takalmi ba, ƙafa ta yi musu bororo a rana ta biyu. Wanda ke son sojan ruwa ya koyi iyo.

Gaban hukumar zaɓe

Waɗanda suka ci jarrabawa a kan kira su Kaduna rukuni-rukuni, su yi kwanaki a hannun hukuma. Tun daga ƙofa a ke lura da su, yadda su ke bin layi, yadda su ke cin abinci, wanda ke taimakon na kusa da shi da wanda ke tura shi. A kan haɗa yara daga jihohi dabam-dabam a ba su aiki ɗaya a ga wanda zai kawo shawara, da wanda zai saurari shawarar wani. Mai yawan ihu ba lalle ne a ɗauke shi shugaba ba.

Akwai wani abu na tarbiyyarmu da ya kamata malamai su yi wa yara bayaninsa. Mun koya wa ɗanmu ya sunkuyar da kai gaban babba, ya yi ƙasa da murya, kada ya haɗa ido da shi. A gida wannan ladabi ne, kuma ba na son ya bari. Amma a gaban hukuma za a so ya tsaya sosai, ya dubi mai tambaya, ya amsa da murya mai fita. Wanda ya yi ta kallon ƙasa yana ƙunƙuni za a zaci tsoro ne ko rashin sani. A riƙa gwada shi a gida ko a makaranta, malamai biyu ko uku su zauna su yi masa tambayoyi da Turanci: me ya sa ka ke son soja, me ubanka ke yi, wane littafi ka karanta kwanan nan? In bai san amsa ba ya ce bai sani ba. Mutanen nan sun ga dubban yara, ƙarya ba ta yi musu wuyar ganewa.

Masu cewa suna da hanya

Da zarar an yi sanarwa sai 'yan damfara su fito. Wani zai zo da kaki, wani da hoton da ya ɗauka da wani janar, wani ta wayar hannu, ya ce akwai gurbi na musamman, a kawo kuɗi kaza. Wani dattijo a garinmu ya sayar da shanun nomansa biyu a kan haka. An ba shi takarda mai tambari, ya kai ɗansa har ƙofar makaranta da akwati, masu gadi suka duba suka ce ba su san da ita ba. Lambar wayar mutumin kuwa ta daina shiga tun a daren. Ku sani kuɗin da a ke biya shi ne na fom, wanda a ke faɗa a sanarwa, a biya ta hanyar da sanarwar ta nuna, a karɓi rasit. Ba a biya cikin asusun wani mutum. Wanda aka ɗauka kuwa gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatunsa da cinsa da kwanansa da kakinsa, har da ɗan alawus. Sunayen waɗanda suka ci a fili a ke buga su. Duk wanda ya nemi kuɗi a wurinku da sunan gurbi, ku kai maganarsa ga 'yan sanda ko barikin soja mafi kusa, ko da ɗan'uwa ne ya kawo shi.

Kafin uba ya sa hannu a takardar yarda, ya kamata ya zauna da ɗansa da uwar ɗan su yi magana ta gaskiya. Aikin nan ba kaki da fareti kaɗai ba ne. Tun 2009 ƙasar nan ke fama da yaƙi a Arewa maso Gabas, ga kuma 'yan bindiga a dazuzzukan Arewa maso Yamma, kuma ƙananan hafsoshi ne ke gaba da mutanensu. Akwai gidaje da yawa da aka kawo wa tuta a naɗe. Yaron da uba ya tura don a ce gidan wane akwai soja, ko wanda ya shiga don ya rasa aikin yi, da wuya ya jure shekarar farko, in kuwa ya gudo ya tare wa wani ɗan jiharsa gurbi a banza.

Wanda ya nema bai samu ba, in shekarunsa ba su wuce ba, yana iya sāke nema baɗi, kuma da yawa daga cikin hafsoshin da ku ke gani sai a karo na biyu ko na uku suka shiga. Ya tambayi kansa a wane mataki ya tsaya, ya sa ƙarfinsa a nan. In shekaru sun wuce, ya tafi jami'a ko kwalejin fasaha ya yi karatunsa da kyau, domin rundunonin uku su kan ɗauki masu digiri da babbar difloma, likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malamai da sauransu, su yi gajeren kwas na 'yan watanni su sami anini. Can ma za a nemi takardun nan, a yi awon nan, a kuma zauna gaban hukuma, saboda haka sunan da aka gyara yau da gudun da aka saba da shi ba su ɓata ba.

Malamai kuma ina roƙonku, shugaban kowace makaranta ya sa malami ɗaya ya riƙa bin sanarwar nan kowace shekara, ya kafa ta a allon makaranta da ranar rufewa, ya tara yaran ajin farko na babbar sakandare masu sha'awa ya auna tsawonsu, ya duba takardunsu, ya rubuta sunayensu. Yanzu sai a kawo tambayoyi, a fara da iyaye mata da ke can baya.